Fatar da Ba Ta Iso Atonsu Ba

A wannan wata za mu taɓo zancen masana'antar takalma ta Atonsu, domin akwai abin da ya shafi dukawanmu da madinkanmu da maƙeranmu na Zango a cikin tarihinta.

A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa wannan masana'anta da taimakon ƙasar Chekoslobakiya. Shirin kuwa, in mutum ya gan shi a takarda sai ya yaba. Za a yanka shanu a masana'antar nama da ke kusa da Bolgatanga, a kai fatun majema, daga nan a kawo su Kumasi a ɗinka takalma, ƙasa ta huta da sayo na waje. To amma ina aka sa majemar? Can kudu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Tony Killick, ya ba da lissafin a littafinsa na 1978: fata za ta yi tafiyar fiye da mil 500 daga arewa zuwa kudu, ta juyo kamar mil 200 zuwa Kumasi, kana takalmin ya sake komawa wani mil 200 zuwa Ankara inda masu saye suka fi yawa. Majemar ma daga baya yasar da ita aka yi.

Da an tambayi kowane bafatake cikin kakanninmu, waɗanda suka yi safarar goro daga Asante zuwa Kano ta Salaga, da ya ce musu kaya ba ya bin hanya ɗaya sau uku a fita da riba. Su da ƙafa suke auna shiri, zango zango, su san inda ruwa yake da inda ake biyan fito. Masu wancan shiri kuwa a ofis suka auna nasu.

Akwai kuma abin da ko yaro a bakin mayanka ya sani: a ƙasar nan cin fata ake yi. Mahauci ya babbake ta ya sayar a matsayin wele, wato ganda, ya karɓi kuɗinsa nan take. Me zai sa ya jira majemi? Duk wanda zai yi takalmin fata a Gana, da tukunyar mai wake da shinkafa yake takara, ko ya sani ko bai sani ba.

Masana'antar ta shiga hannun GIHOC, ta yi ta rarrafe har ta tsaya cik. Aka sake farfaɗo da ita ta haɗin gwiwar kamfanin sojoji na DIHOC da wani kamfani na ƙasar Chek, Shugaba Mahama ya buɗe ta a 2014. Bayan bikin, kukan da shugabanninta suka riƙa yi a jaridu shi ne hukumomin tsaro, waɗanda dominsu aka tayar da injinan, ba sa sayen takalman yadda aka yi alkawari. Wato dā matsalar mai kawo fata, yanzu kuma ta mai saye.

Kada mu yi dariya, domin ciwon yana cikin rumfunanmu. Sau nawa muka ga matasa sun haɗa jari a Aboabo ko Asawase, an sayo keken ɗinki ko injin walda, an yi walima an yi addu'a, bayan wata shida ƙofa a rufe? In ka bincika, ba a rasa gwaninta ba. Ba a dai ajiye wanda zai sayo kaya a kan kari ba, ba a rubuta bashi ba, kuɗin cefane da na aiki aljihu ɗaya, kuma maigida kaɗai ya san inda aka dosa. Ranar da ya tafi jana'iza Tamale, yara sai hira.

A 2007 wasu masu bincike daga Japan sun gwada wani abu a Suame Magazine. Suka tara masu ƙananan wuraren aikin ƙarfe, aka yi musu darasi na mako uku kan neman kasuwa, tsara wurin aiki da riƙe littafin ciniki. Ba a ba kowa sabon inji ba. Da aka koma dubawa, waɗanda suka yi darasin sun fi riƙe lissafi, kuma waɗanda suka rufe shago a cikinsu ba su kai na sauran yawa ba. Irin wannan horo, wanda Japanawa ke kira kaizen, hukumar ƙananan sana'o'i ta NBSSI ta ci gaba da bayarwa a yankin Asante tun 2012. Yanzu sunanta Ghana Enterprises Agency.

Saboda haka muna kira ga sarakunan sana'a na Zango, na maƙera da na mahauta da na dukawa, su aika wakilai ofishin hukumar a nemi a kawo wannan darasi unguwa, a yi shi da Hausa, da yamma bayan la'asar lokacin da aiki ya lafa. Ɗakin makarantar Islamiyya ma ya isa. Kowa ya zo da littafi mai layi da biro, da jerin mutanen da yake bi bashi.