Motar da aka kashe amma ta ƙi yin shiru

Duk wanda ya taɓa tuƙi daga Kano zuwa Kaduna da rana tsaka ya san cewa zare makulli ba ya sa mota ta yi shiru nan take. Kana rufe ƙofa za ka ji ƙas-ƙas daga ƙarƙashinta, wani lokacin kuma fanka ta ci gaba da gudu ita kaɗai. Akasarin wannan surutu ba ciwo ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke kashe kuɗi wajen toshe bakin wanda ba shi da illa, mu kuma yi biris da wanda ke gargaɗi.

Ƙas-ƙas ɗin nan, ƙarfe ne yake hucewa. Irinsa ne kwanon rufin ɗaki ke yi idan rana ta yi sanyi. Salansa da bututun da ke fitar da hayaƙi daga inji suna kai zafin digiri 500 zuwa sama a doguwar tafiya, kuma ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da ya ɗauki irin wannan zafi yakan ƙaru da kamar milimita 6. Idan aka kashe inji sai ya fara komawa yadda yake. Amma sassan ba sa hucewa tare, ga shi an ɗaure su da kusoshi, don haka kowane sashe sai ya ɗan turje sannan ya zame. Zamewar ce kake ji. Tana farawa da sauri, ta riƙa jinkiri, har ta ɗauke.

Fanka kuwa tana da dalilinta. Da inji ya tsaya, famfon da ke zagaya da ruwa ya tsaya, alhali zafin da ke jikin ƙarfen bai je ko'ina ba, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu tana ci gaba da ɓararraka. Saboda haka zafin ruwan kan ƙaru a mintunan farko, shi ya sa motoci da yawa ke barin fanka ta yi gudu na ɗan lokaci. Huci mai laushi da ake ji daga gaban mota bayan an yi amfani da na'urar sanyaya iska shi ma ba komai ba ne, iskar gas ɗin cikinta ce ke daidaita kanta.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɗaure kai. Motocin Toyota da aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗanda suka cika titunanmu a matsayin na hannu, suna da ɗan famfo da ke tashi kimanin awa 5 bayan an kashe mota, ya gwada ko tankin mai na yoyon tururi. Littafin motar ya faɗi haka ƙarara, sai dai wa ya karanta? Mutum ya ajiye mota bayan sallar isha'i, ƙarfe ɗayan dare ya ji tana gurnani a tsakar gida ba kowa a ciki. Kafin gari ya waye an riga an ambaci ɓarayi da aljannu.

To, a nan ne ɓarnar take farawa. Mai mota ya tafi gareji da ƙorafi, bakanike kuma ba ya son ya ce lafiya lau, domin lafiya lau ba ta kawo kuɗin cefane. Sai a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jona fanka kai tsaye. Wani ma a ce masa matatar hayaƙin nan da ake kira indomi ce ta toshe, a fasa a kwashe, ba tare da an gaya masa cewa ƙarafa masu tsada irin su filatinam ne a cikinta ba. Garin neman gira an rasa ido: injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da ƙima, yana kuma saurin cinyewa.

Sautin da ya cancanci a tsaya a kansa daban ne. Idan fanka ta wuce minti 15 tana gudu, ko ta tashi inji na sanyi, akwai abin da ya maƙale a wayoyinta, kuma za ta shanye batir kafin asuba. Idan tsohuwar mota mai kafireto, irin su Peugeot 504, ta ci gaba da tari da jijjiga bayan an kashe ta, dauɗar da ta taru cikin inji ce ta yi ja take kunna mai.

Mafi haɗari shi ne ƙarar tafasa daga lagireto, musamman idan ta zo da tururi ko ɗigar ruwa mai launi. Murfin lagireto yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan ka ji yana tafasa, to ko murfin ya mutu, ko ruwa ya yi ƙasa, ko gasket ya fara ƙonewa. Murfi kuɗinsa kaɗan ne, inji kuwa sai an sayar da wani abu. Kada a buɗe shi da zafinsa, domin ruwan zai yi tsartuwa ya saɓule fatar hannu da fuska. A jira inji ya huce sarai, a duba ruwan, in ya ragu a nemo inda yake zuba kafin a sake hawa hanya.