Wa Ke Riƙe da Linzamin Labari?

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba ya buƙatar fili ko na'ura. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora, sauran kowa ya ɗauki wani mutum na cikin labari ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, na gefe mai magani. Jagora ya ce, "Kun iso bakin kogo, ga hayaƙi yana fitowa, me za ku yi?" Kowa ya faɗi nasa. In abin da mutum ya ƙudurta yana da haɗari, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko ya kwana ciki. Wasan ya cika shekara 50 a 2024, kuma tun 2015 akwai wani shiri, Critical Role, da mutane ke zama awa uku zuwa huɗu a intanet suna kallon wasu na yin sa.

Masu wannan wasa suna da wata muhawara da ba ta ƙarewa. A dara ana sanin wanda ya cinye, a ƙwallo ana ƙirga ci. Nan kuwa ba mai ci, ba wanda aka ci. To da me za a gane zama ya yi kyau?

Ni dai a ganina mun daɗe da amsar, tun kafin a haifi Gygax, kuma tana wurin kakanninmu mata.

Duk wanda ya buɗe littattafan tatsuniyoyi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, zai tarar da Gizo da Ƙoƙi da Dodo duk suna nan. Amma zai ji wani abu ya yi ƙaranci, domin takarda ba ta iya ɗaukar masu sauraro. Tatsuniya ba ta ma farawa sai an ba ta izini: mai bayarwa ta ce ga ta nan, ta dakata, sai yara sun amsa ta zo su ji ta. Daga nan kuma ba su yin shiru. Ana tsakiyar labari wani jika zai ɗago daga tabarma ya ce, "Kaka, ai jiya kin ce Gizo ya mutu a rijiya!" Tsohuwar da ta san aikinta ba ta tsawatar masa. Sai ta ce, "Kai maigida, wa ya gaya maka mutuwa ya yi? Suma ya yi. To kai da kai ne a rijiyar, yaya za ka fito?" Yaron ya yi tunani ya ce da igiyar guga. "Haka kuwa aka yi," in ji ta, labari ya bi ta igiyar guga, alhali ita da ta shirya kura ce za ta ciro shi. Wannan yaron ba zai manta daren ba, don da hannunsa a ciki.

Haka tashe yake. Da azumi ya kwana goma yara ke fitowa, wani ya manna auduga ya zama tsoho mai gemu, wani ya rataya ƙunshe-ƙunshe ya zama Jatau mai magani. Waƙar kowa ya san ta. Abin da ke raba tashen da ake ba wa hatsi don a sallame shi da wanda ake cewa a maimaita shi ne ko ɗan wasan zai iya amsa maganar da matar gida ta jefa masa ba shiri. A bikin kalankuwa ma, wanda ƙauyukan ƙasar Zazzau irin su Bomo suka shahara da shi bayan kaka, samari kan naɗa wa junansu muƙaman hukuma, a samu gwamna da alƙali da 'yan doka, kuma daɗin abin yana ga shari'ar da ba wanda ya san yadda za ta kaya.

Na taɓa zama a Samaru ta Zariya ina kallon wasu ɗalibai suna wasan tebur ɗin nan, sun mayar da shi na gida: babu dodannin Turawa, sai fatake da mafarauta da Dodon tafki. Jagoransu ya zo da littafi cike da shiri, ya tanadi gumurzu a bakin ruwa. Da suka isa, sai wata ɗaliba da ke riƙe da matsayin 'yar kasuwa ta ce ita ba za ta yi faɗa ba, goro za ta miƙa wa Dodo ta tambaye shi farashin ƙetarewa. Na ga fuskar jagoran ta canza. Ya kalli littafinsa, ya kalle ta, sannan ya rufe littafin ya ce, "Jefa mu gani." Lamba mai girma ta fito. Ya kumbura murya ya zama Dodo mai ciniki, yana cewa albarka, tana cewa a rage mata. Sai da mai shayin da ke gefe ya bar tukunyarsa ya matso. Sun tashi suna gardamar wanda ya cuci wani a cinikin, har bakin titi.

Da ya dage sai an yi yaƙin da ya rubuta, da sun yi, da kuma sun tashi kowa na duba wayarsa. Jagoran da ya fi son labarinsa a kan mutanen da ke gabansa, kamar mai tallan da ke ta yabon kayansa ne bayan mai saye ya wuce. Shiri yana da amfani, ban ce a zo hannu rabbana ba. Amma a shirya wuri da mutane da matsala, a bar ƙarshen a buɗe. A kuma sa ido kan wanda ya yi shiru, domin a kowane zama akwai mai bakin da zai cinye fili, da mai kunyar da sai an kira sunansa an ce, "Kai fa, me za ka yi?"

Yanzu mu zo Dogon Dawa, inda maganar ta fi nauyi.

Garin yana kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, a yankin da daji ya yi wa ƙawanya. A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka afka masa da asuba, suka kashe kimanin mutum 20, har da masallata. Shekarun da suka biyo baya kowa ya san su: tare hanya, satar shanu, garkuwa da mutane, gonakin da aka bari. Ana ƙirga rayuka da dukiya, kuma ya kamata a ƙirga. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne dare. Dandali da tashe da hira a tsakar gida duk na dare ne, kuma uwar da kunnenta ke kan ƙarar babur ba ta da sukunin bin Gizo cikin rijiya. Akwai yaran da suka tasa a wannan tsakani, an kwantar da su da wuri, an kashe fitila, an ce a yi shiru.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu. Ra'ayi ya bambanta kan sulhun, kuma ba shi ne batuna yau ba. Ina dai cewa duk inda aka samu sararin zama bayan isha'i, to a mayar wa yara labari, a kuma ba su baki a ciki.

Sai dai a nan ne jagora zai yi hattara. Ga ɗan Amurka, shiga daji a ceto wanda aka sace nishaɗi ne. Ga yaron Dogon Dawa, wataƙila labarin kawunsa ne, da shanun da aka sayar aka kai fansa. Masu wasan tebur sun koyi yin zaman share fage kafin a fara, kowa ya faɗi abin da ba ya son a taɓo. Kaka ba ta buƙatar wannan zama. Ta san jikar da ta rasa uwa bara, don haka ba ta kawo tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa a daren da yarinyar take kan tabarma. Malamin firamare ko ɗan'uwan da zai jagoranci irin wannan wasa a garin, in bai san yaran haka ba, sai ya tambaya. Ya sa labarin a kasuwa, ko cikin jirgin ruwa, ko fadar wani sarki mai rowa. In yaran ne da kansu suka ja shi zuwa daji, ya bi su a hankali, ya kuma bari su zaɓi yadda za a fito.

Na san wani zai tayar da maganar ɗan ludo, don malamai da yawa suna ƙyamar sa, kuma iyaye ba za su so abin da ya yi kama da caca ba. Ba sai an ja ba. A yanka takarda gida 20, a rubuta lamba a kowace, a naɗe a zuba cikin hula. Wanda zai tsallake rafi ko ya yaudari mai gadin fada ya sa hannu ya zaro ɗaya, in ta haura 10 ya tsira, in ba ta haura ba jagora ya faɗa masa irin tsautsayin da ya same shi, a mayar da takardar cikin hula, a miƙa wa na gaba.