Aron Ɗangon Farko

Sau da yawa yaro yakan zauna zai tsara waƙa, amma kalmar farko ta ƙi zuwa, har ya fid da rai. To, ya kamata malami ya ara masa ɗango ɗaya, shi kuwa ya ɗora nasa bisa karin da amsa-amon.

Waɗansu sun ce wannan ragwanci ne. Ba haka ba ne. Malaman da sukan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, su sa nasu uku a gabansa, ya zama biyar. Shi ake kira tahamisi, ba kuwa wanda ya zarge su.

Amma fa kayan aro ba ya rufe katara. In hannun yaro ya faɗa, sai ya buɗe waƙarsa da kansa.