ZANCEN IYALI: Doka Tana Nan, Sai Mu San Ƙofarta

A wannan wata muna so mu duba abin da gwamnati ta tanada domin hana ƙiyayya da nuna bambanci, gama yawancin gidajenmu ba su san hakkin da doka ta ba su ba.

Dattawanmu ba su manta da watan Maris na 1987 ba. Rikici ya tashi a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan, cikin kwana kaɗan wutar ta kai Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, da Katsina, aka ƙone majami'u masu yawa. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a watan Satumba na shekarar aka ba ta jiharta. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte, aka ɗaure mutane da dama. Hukunci ya yi amfani, amma bayan ɓarna ya zo.

Akwai kuma tanadin da aka yi domin rigakafi. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan Nijeriya wani hakki saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko don mace ce ko namiji. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sāke shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana 'yan siyasa yin kamfe da zagin addini ko ƙabila. A 2019 an kawo wa Majalisar Dattawa ƙudurin hukunta kalaman ƙiyayya, har da maganar rataya, amma jama'a suka yi ca a kansa don tsoron za a rufe bakin masu faɗin gaskiya, bai kuwa zama doka ba.

To, ina amfanin waɗannan ga mai gida a ƙauye? Kukan da Hausawa Kirista suka daɗe suna yi a Arewa shi ne na takardar shaidar asali, da filin gina majami'a, da malamin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Yaron da sunansa Bulus ko Dauda, wanda kakanninsa suka yi noma a ƙasar nan, in aka ce masa baƙo ne, ya rasa gurbin karatu da aikin gwamnati. Wannan shi ne ainihin abin da sashe na 42 ya hana.

Ga shawararmu. Ku yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri. Ku riƙa zuwa gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, ku shiga aikin gayya, domin su ne ke shaidar asalin mutum. In an hana ku abu, ku rubuta ranar da abin da aka faɗa, ku nemi amsa a rubuce, ku tafi da shaida biyu. In abin ya ƙi, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta 1995, da Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali ta 1976. Babbar Kotu ma a buɗe take. Neman hakki cikin ladabi ba rashin haƙuri ba ne. Manzo Bulus kansa ya tuna wa sojoji cewa shi ɗan ƙasar Roma ne sa'ad da za su yi masa bulala ba shari'a.

Amma kada mu manta, dokar nan ba tamu kaɗai ba ce. Ɓarnar 'yan bindiga a Kurfi, da Batsari, da Safana, da Dutsin-Ma ta sa wasu suna yi wa kowane Bafulatani kallon ɓarawo. Wanda ya tare makiyayi a kasuwa ya doke shi don kamanninsa kawai, laifinsa ɗaya da na wanda ya cinna wa majami'a wuta. In muna so sashe na 42 ya kāre 'ya'yanmu, sai mu yarda ya kāre matar da ke kawo mana nono.

Saboda haka iyaye, ku lura da maganar da kuke yi a bakin murhu, gama abin da yaro ya ji a gida shi yake kaiwa makaranta. Ku karanta wa iyalinku waɗannan sassa biyu a wannan mako, ku kuma duba ko takardun yaranku sun cika. Allah ya ba ƙasarmu salama. Sai wata mai zuwa.