Paparoma John Paul na Biyu a Idon Katolika Masu Neman Sauyi

Sharhinmu na yau zai waiwayi marigayi Paparoma John Paul na Biyu, ɗan ƙasar Poland da ya jagoranci ɗariƙar Katolika daga Oktoban 1978 har rasuwarsa ranar 2 ga Afrilu, 2005. A wajen jana'izarsa a birnin Rum jama'a sun yi ta kiran a ayyana shi waliyyi nan take, kuma shekara tara kacal bayan nan, a 2014, Paparoma Francis ya cika musu wannan buri. Sai dai akwai wani ɓangare na mabiya ɗariƙar da har yau bakinsu ke nauyi idan aka zo yabonsa. Su ne masu ra'ayin sauyi, waɗanda suka ɗora fatansu a kan babban taron Vatican na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, suna son a riƙa shawara da talakan mabiyi, a ɗaga matsayin mata, a sakar wa malaman addini mara su yi bincike. Da yawansu na cewa marigayin ya saɓa wa kansa, domin ya nema wa duniya 'yancin da ya hana a cikin gidansa. A ganinmu ba saɓani ba ne. Abin da suke yaba masa da abin da suke kuka da shi daga tushe ɗaya suka fito, kuma wannan ne ya sa gadonsa ya yi wuyar rabawa.

A batun talaka da yaƙi, da wuya masu neman sauyi su sami shugaban da ya faɗi abin da ke ransu kamar shi. A wasiƙarsa ta 1981 kan aiki ya fifita ɗan ƙwadago a kan jari, ya kare haƙƙin ma'aikata na kafa ƙungiya. Ya matsa wa ƙasashe masu arziki su yafe wa matalautan ƙasashe bashi kafin shekarar 2000. Ya ƙi yaƙin Tekun Fasha na 1991, ya kuma ƙi mamaye Iraƙi a 2003, har ya tura Kadinal Pio Laghi ya faɗa wa Shugaba George Bush haka ido da ido. A 1999, lokacin ziyararsa a birnin St. Louis na Amurka, ya roƙi gwamnan jihar Missouri ya sassauta wa wani fursuna hukuncin kisa, gwamnan kuwa ya amsa. Shi ne ya tara shugabannin addinai a garin Assisi a 1986 don addu'ar zaman lafiya, ya yi wa matasan Musulmi jawabi a Casablanca a 1985, ya zama Paparoma na farko da ya shiga masallaci lokacin da ya ziyarci masallacin Umayyawa na Dimashƙa a 2001. Mu ma nan mun shaida wani abu daga ciki: ya zo Kaduna a Fabrairun 1982, da ya dawo Najeriya a Maris na 1998 kuwa, tawagarsa ta miƙa wa gwamnatin Janar Sani Abacha sunayen fursunonin siyasa kimanin 60 tana neman a sake su.

A cikin gida labarin ya sha bamban. Shekara ɗaya da hawansa aka janye wa Hans Küng, fitaccen malamin nan ɗan Suwizalan, izinin koyarwa da sunan ɗariƙar. A 1985 aka umarci Leonardo Boff na Brazil ya yi shiru, a 1986 aka dakatar da Charles Curran daga koyar da ilimin addini a Jami'ar Katolika da ke Washington. Hoton da ya fi zama a zukatan mutanen Latin Amurka shi ne na filin jirgin saman Managua a 1983, inda Fada Ernesto Cardenal, ministan al'adu a gwamnatin Sandinista, ya durƙusa gaban Paparoman, shi kuma yana kaɗa masa yatsa. Amma abin da ya fi yin tasiri bai fito a hoto ba, wato naɗin bishop-bishop. Da Hélder Câmara, uban talakawan Recife, ya yi ritaya a 1985, wanda aka ɗora a gurbinsa ya warware mafi yawan abin da ya gina. A 1989 aka yayyanka yankin São Paulo da ke hannun Kadinal Arns. A wannan shekarar malaman addini 163 daga ƙasashe masu magana da Jamusanci da Holand suka sa hannu a takardar birnin Cologne suna kukan cewa Rum ta tattare iko a hannunta. Sannan a 1994 John Paul ya fitar da takardar da ta rufe ƙofar naɗa mata limaman coci, ya ce majami'a ba ta da ikon yin hakan.

Mai son gane yadda mutum ɗaya ya yi wannan da wancan sai ya koma Poland. Karol Wojtyla, wato John Paul kafin ya zama Paparoma, ya yi karatun limanci a ɓoye a Krakow lokacin da 'yan Nazi ke riƙe da ƙasar, ya kuma yi kusan dukan aikinsa na limanci da na bishop a ƙarƙashin mulkin gurguzu. Gwamnatin can ta kan ɗauki nauyin wasu ƙungiyoyin limamai masu kiran kansu 'yan kishin ƙasa don ta raba kan majami'a, 'yan sandan ciki kuma na tara wa limamai bayanan ɓatanci, na gaskiya da na ƙage. Darasin da ya ɗauka shi ne sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗin kan majami'ar Poland ne ya ba shi ƙarfin da ya girgiza mahukuntan Warsaw a ziyararsa ta 1979, wadda ta share fage ga ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity. Da ya koma Rum, da wannan idon ya riƙa kallon duk wata muhawara. Limamin Brazil da ke aron kalmomin Karl Marx don bayyana yunwar unguwarsa, a wurinsa ƙofa ce da abokin gaba zai shigo ta cikinta.

Masu kare shi suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce aikin Paparoma shi ne tsare akida, ba bin ra'ayin zamani ba. Duk addinin da ya san kansa yana da iyakar abin da za a koyar da sunansa. Sun ce tsoronsa na gurguzu ba mafarki ba ne, ga abin da Shugaba Daniel Ortega ya koma yi wa majami'a a Nicaragua daga baya, har da ɗaure Bishop Rolando Álvarez. Sun ƙara da cewa a zamaninsa ɗariƙar ta bunƙasa a Afirka, inda yawancin mabiya ba su damu da buƙatun malaman Jamus ba. Duk wannan gaskiya ne, amma bai amsa ainihin ƙorafin ba. Wanda ke mulkin kama-karya a El Salvador da Brazil da Chile a wancan lokaci soja ne mai samun goyon bayan Amurka, ba ɗan gurguzu ba, kuma limaman da ake zargi da karkata hagu su ne ake harbewa. Akbishop Oscar Romero na San Salvador an kashe shi yana tsakiyar ibada ranar 24 ga Maris, 1980. John Paul ya je ya yi addu'a a kabarinsa a 1983, wannan abin a yaba ne, amma batun waliyyantakar Romero ya yi ta jan ƙafa har 2018, alhali wanda ya kafa ƙungiyar Opus Dei ta 'yan mazan jiya ya samu tun 2002. Ma'aunin da aka ɗauko daga Krakow bai auna San Salvador daidai ba.

Inda hujjar masu kare shi ta fi rauni shi ne batun lalata da yara da ɗaliban limanci, domin nan ba maganar akida ake ba. Tun 1997 tsofaffin ɗaliban Marcial Maciel, ɗan Meziko da ya kafa ƙungiyar Legionaries of Christ, suka fito fili suna zarginsa, a 1998 suka kai ƙara Vatican, amma ya ci gaba da samun karramawa har sai da Paparoma Benedict ya kawar da shi daga aiki a 2006. Kadinal Bernard Law ya sauka daga kujerar Boston a 2002 saboda rufa wa masu laifi asiri, a 2004 aka ba shi jagorancin ɗaya daga manyan majami'un Rum. Rahoton da Vatican da kanta ta fitar a Nuwamban 2020 ya nuna an gargaɗi John Paul game da Theodore McCarrick, amma ya yarda da musun da mutumin ya rubuto, ya naɗa shi akbishop na Washington a 2000. Rahoton ya ce mai yiwuwa abin da John Paul ya gani na ƙage a Poland ya taka rawa. Akan ce tsufa da cutar makyarkyata sun ci ƙarfinsa a shekarun ƙarshe, kuma haka ne. To amma tsarin da komai sai ya bi ta hannun mutum ɗaya da 'yan kewayensa, wanda mai ƙorafi ke zama abin tuhuma tun kafin a saurare shi, an gina shi ne lokacin da Paparoman ke da cikakkiyar lafiya. Malamin da ya rubuta littafi an binciki kowane shafinsa, wanda ya nuna biyayya kuwa an karɓi maganarsa ba tare da dogon bincike ba.

Su ma masu neman sauyi ba za su iya zare hannunsa daga abin da suka samu daga baya ba. Jorge Bergoglio, wato Paparoma Francis, wanda suka yi murna da zuwansa a 2013, John Paul ne ya naɗa shi bishop a 1992, ya ba shi hular kadinal a 2001. Francis ya ayyana Romero waliyyi, ya ɗage wa Ernesto Cardenal dakatarwar da aka yi masa daga aikin limanci a 2019 yana kwance a asibiti, ya gyara littafin koyarwar ɗariƙar a 2018 ya haramta hukuncin kisa gaba ɗaya, abin da ya ɗora a kan matsayin John Paul ɗin. Amma da 'yan jarida suka tambaye shi batun naɗa mata limamai, a 2013 da kuma 2016, takardar nan ta 1994 ya nuna musu, ya ce ƙofar a rufe take.