Wayar Salula a Makaranta: Idan an Rufe Wata Ƙofa, Wace Za a Buɗe?

A watan Janairun 2025 Shugaban ƙasar Brazil, Lula da Silva, ya rattaba hannu a kan dokar da ta hana ɗaliban firamare da sakandare amfani da wayar salula a makarantun gwamnati da masu zaman kansu, a cikin aji da ma lokacin tara. Ba Brazil ce ta fara ba. Faransa ta kafa irin wannan doka tun 2018 ga yara har zuwa ƙaramar sakandare, Holan ta fitar da waya daga azuzuwan sakandare a farkon 2024, majalisar dokokin Koriya ta Kudu kuma ta amince da tata a watan Agustan 2025. Hukumar UNESCO ta ƙirga cewa zuwa ƙarshen 2024, tsarin ilimi 79 a duniya sun kafa wani nau'i na hani, wato kusan kashi 40 cikin 100.

Abin lura a dokar Brazil shi ne keɓance-keɓancen da ta yi. Ta bar ƙofa ga darasin da malami da kansa ya buƙaci a yi da waya, da ɗalibi mai larurar rashin lafiya ko naƙasa, da kuma halin haɗari. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar iyaye a arewacin Najeriya, kuma shi ne aka fi tsallakewa duk lokacin da wata makaranta ta aiko da takardar gargaɗi cewa wayar da aka kama ba za a mayar ba.

Kafin mu kai can, ya kamata a tambaya: hanin yana da amfani kuwa? Bincike biyu daga Ingila sun ba da amsa, kuma sai an haɗa su ake ganin hoton sosai. Na farko masana tattalin arziki biyu ne suka yi shi, Louis-Philippe Beland da Richard Murphy, aka fitar a 2015. Sun bibiyi makarantu 91 a biranen Landan da Bamingham da Lesta da Mancesta, suka ga sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan an hana waya. Ƙarin ya fi fitowa a wajen ɗalibai masu rauni a karatu, su kuwa haziƙan aji kusan babu abin da ya canza musu. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo ya san dalili: yaron da darasi ya riga ya yi wa nauyi shi ne mai neman mafaka, waya kuma mafaka ce da ba ta ƙarewa. Saboda haka mai cewa ɗansa yana da waya kuma yana zuwa na ɗaya bai kawo hujja ba, domin ba don ɗansa kaɗai aka kafa makarantar ba.

Na biyu daga Jami'ar Bamingham ya fito a watan Fabrairun 2025, kan ɗalibai 1,227 a makarantun sakandare 30. Masu binciken ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin makarantun da suka hana waya da waɗanda suka bari, ko a natsuwar zuciyar yara, ko a barcinsu, ko a makinsu. Lokacin da yaran ke ɓatarwa a waya ya ragu a harabar makaranta, amma jimillar awoyin da suke yi da ita a yini ba ta sauya sosai ba. Abin da aka hana da safe, sai a rama shi da dare. Binciken ya kuma nuna cewa yawan awoyin da yaro ke yi a waya yana tafiya tare da ƙarancin barci da raguwar ƙwazo. Ma'ana, cutar tana nan, sai dai shugaban makaranta rabin maganin kawai yake riƙe da shi.

Malaman Usulul Fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa hanyar auna irin wannan mas'ala, wato babin toshe kafar ɓarna, wanda mazhabar Malikiyya ta shahara da shi. Imamu Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya kasa hanyoyin da ke iya kaiwa ga ɓarna gida uku a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai waɗanda malamai suka haɗu a kan toshe su, kamar haƙa rijiya a kan hanyar da jama'a ke bi. Akwai waɗanda suka haɗu a kan ba a toshe su, kamar noman inabi, ko da yake wani na iya yin giya da shi. Sai na uku, inda aka yi saɓani. Idan aka ɗora waya a kan wannan ma'auni, za a ga hukuncinta yana bin wurin da take ne. A ɗakin jarrabawa rijiya ce a tsakiyar hanya, shi ya sa hukumomin JAMB da WAEC da NECO suka hana shiga da ita, kuma ɗalibin da aka kama na iya rasa sakamakonsa. Mallakarta a gida kuwa inabi ce: a cikinta matashi ke sauraren karatun Alƙur'ani da tafsiri, ya duba ƙamus, ya gwada tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu na watanni, rediyo da waya ne suka riƙe wa yara da yawa ɗan abin da ya rage na karatu.

Aji shi ne wurin saɓanin, kuma a ganina hani ya fi ƙarfi. Ajin da ke cike da yara fiye da ƙima a gaban malami ɗaya ba wurin da za a iya sa ido a kan allon kowace waya ba ne. Ga kuma illar da ba a cika ambata ba, ta kyamara. Hoton ɗaliba da aka ɗauka ba da saninta ba a ɗakin kwana, ko bidiyon yaron da ya kasa amsa tambaya ana yi masa dariya, kan shiga WhatsApp da TikTok kafin a tashi daga makaranta, kuma babu mai iya dawo da shi. Mutuncin yaro na cikin abubuwan da iyaye suka damƙa wa makaranta amana. Hujjar cewa akwai Alƙur'ani a cikin wayar ma ba ta da nauyi a Islamiyya, inda Mus'hafi ke ajiye a gaban kowane ɗalibi kuma ba ya kawo saƙo a tsakiyar hadda.

To amma Al-Ƙarafin nan ya yi nuni da cewa kamar yadda ake toshe hanya, haka wani lokaci buɗe ta ke zama wajibi, domin hanyar da ke kai wa ga wajibi ita ma tana ɗaukar hukuncinsa. A nan ne makarantunmu da dama suka gaza. Uban da ya saƙa wa 'yarsa waya a ƙasan akwati ranar komawa makarantar kwana ba lallai ne ya raina doka ba. Ya tuna Chibok a 2014 da Dapchi a 2018. Ya tuna daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, da 'yan mata 279 na Jangebe a watan Fabrairun 2021. Gaskiya ne waya a aljihun yaro ba ta tare harsashi, kuma ko a wurin kira ba kullum ake dogara da ita ba. A watan Satumban 2021 hukumomi da kansu suka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda tsaro. Abin da uban yake nema shi ne labari: ya ji muryar 'yarsa idan jita-jita ta tashi, a sanar da shi idan zazzaɓi ya kwantar da ita. Makarantar da ta ƙwace wayar sannan ta bar shi da lambar ofis da ba a ɗagawa bayan la'asar, ita ce ta koya masa fasa-ƙwauri.

Gyaran bai da tsada. Kowane ɗakin kwana zai iya samun ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda jama'a ke kira mai tocila, a hannun malamin da ke kula da ɗakin ko uwar ɗakin 'yan mata, da sanannen lokacin kira a mako, da lambar gaggawa da ake ɗagawa dare da rana. A makarantar jeka-ka-dawo, ɗalibin da ke hawa adaidaita sahu daga nesa zai iya miƙa wayarsa a ofis da safe a rubuta sunansa, ya karɓa idan an tashi. Yaro mai ciwon sikila ko asma a keɓe shi a rubuce, kamar yadda dokar Brazil ta yi. Sannan akwai wata al'ada da ya kamata a daina, ta fasa wayoyin da aka kama da guduma a gaban taron ɗalibai. Dukiya ce ta mutane, sau da yawa ma ta mahaifiya ce aka ara, kuma lalata dukiya ba ya cikin tarbiyyar da aka kawo yaron ya koya. A ajiye ta, a kira mahaifi ya zo da kansa ya karɓa. Kunyar wannan zuwan ta fi guduma tasiri.

Malamai su ma dokar tana hawa kansu. Wanda ke amsa kira a tsakiyar darasi, ko yake tura aikin gida ta zauren WhatsApp na aji, shi ne ke tilasta wa iyaye sayen babbar wayar da makaranta ta ce ba ta so. Ba kowane gida ne ke da kuɗin data ba, allo da alli kuwa kowa na gani.

Saura rabin da binciken Bamingham ya bar wa gida. Ɗalibin jeka-ka-dawo yana yin awa shida ko bakwai a makaranta, sauran yinin da daren duka yana hannun iyayensa. Awoyin da suka fi cin yara su ne na bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya shige ɗaki aka ja ƙofa, kuma washegari su ne ake tayarwa sallar asuba da ƙyar, su yi gyangyaɗi a darasin farko. Wasu gidaje sun mayar da wurin cajin waya falo ko ɗakin mahaifiya, kowa ya ajiye tasa kafin ya kwanta. Tsarin yana ɗorewa ne a gidan da wayar maigida ita ma take kwana a wurin.