Rushewar Surcouf da 'yan kasuwar kwamfuta na jihar Maraɗi

Ɗaliban Nijar da suka yi karatu a Faransa wajajen shekarar 2000 sun san Surcouf. An kafa kamfanin a 1992, kuma babban kantinsa na titin Daumesnil a birnin Paris ya zama tamkar kasuwa guda, rumfa-rumfa. Rukunin PPR, mai Fnac a lokacin, ya saye shi a 2000, ya sayar wa Hugues Mulliez a 2009. A watan Oktoban 2012 kotun kasuwanci ta Lille ta ba da umarnin rufe shi.

Abu biyu suka kayar da shi. Shagunan intanet irin su Cdiscount da LDLC sun karya farashi, ba su da hayar manyan kantuna a tsakiyar birni. Sannan ƙananan shagunan titin Montgallet, da suka tsiro a inuwarsa, sun janye masa masu saye, har gyara suna yi nan take.

A Maraɗi da Tasawa wayar salula ce ke wannan aiki. Ta riga ta rage wa gidajen intanet ciniki, kuma manomin El Allassane Maïreyrey da ke aika saƙon murya ta WhatsApp bai taɓa buƙatar kwamfuta ba. Kaya da yawa daga Kano suke zuwa, shi ya sa rufe iyaka a 2019 da 2023 ya fi ƙuntata wa mai tara haja. Mai gyara, da ɗan teburinsa a bakin tasha, bai rasa aiki ba.